Damin da Ka Mayar, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba, da ke kwance gabas da gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa makon jiya na ba da shaida a ƙofar mai gari kan gonarka ta hanyar Tanda. An kira ni ne don duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun bi ka, saura ni.

Ka san gonar. Wadda ka ara wa Baba Hamani shekarar da yunwa ta koro su daga arewa, shi da matarsa da ƴaƴa huɗu da jaki guda. Ba ya jin Hausa sosai, kai ma Zabarmancinka bai wuce na ciniki ba, amma kuka zama aminai. Ka kuma san inda amincin ya kai, tunda da bakinka ka ba ɗansa Saini aurena. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina gidansu.

Ƙa'idar aron gona kowa ya san ta. Mai aro yakan kawo dami ɗaya duk kaka, ba don damin zai cika rumbu ba, sai don a tuna mai ƙasa. Ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya. Shekara uku Baba Hamani yana kawowa kana amsa kana ɓata rai. A ta huɗu ka ce ya isa.

Ina tsakar gida ina tankaɗe ranar. Ya sauke damin a zaure, ka ce ya mayar bisa jakinsa, ɗan'uwa ba ya biyan ɗan'uwa. Ya ce, "Malam, amshi. Ba don kai ba, don na baya." Ka yi dariyar nan taka mai fito da giɓi, ka ce na baya ai ƴaƴanmu ne, me zai haɗa su? Ya sake roƙo, har ya riƙe maka hannun riga. Kai da kanka ka ɗora damin bisa jakin. Kuma don ka nuna ba wasa kake ba, ka ɗauko ɗan mangwaron da ka raina cikin gwangwanin tumatir, ka aza mini a ka, ka ce in bi shi in kai masa gona ya dasa.

Na bi shi. Duk tsawon hanyar bai ce uffan ba. Ni a lokacin na ɗauka rashin godiya ne.

Baba, gari ya iso gonar. Kwalta ta bi ta gefenta, mutanen meri, ofishin magajin gari, sun kafa duwatsun siminti har kusa da ita, wani mai manyan motoci kuma ya taya ta, yana son saye. Daga nan kowa ya tuna kakansa. Nasiru, ɗan Yaya Ummaru, wanda ka tauna wa dabino ranar suna, shi ke jan na gidanmu. Ya ce aro ne, baƙi sun ci amana. Abdu, ɗana na fari, shi ke jan na gidan mijina. Ya ce shekara arba'in ba a amshi dami ba, ga kuma mangwaro tsaye, wane mai aro ke dasa itace? Nono ɗaya suka sha, Baba, don ni na shayar da Nasiru wata biyar lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Benci ɗaya suka zauna a lakwal, makarantar boko.

Yanzu maganar ta fi ƙarfin gidajen biyu. Ta shiga wayoyin salula, ana tura murya daga wannan zuwa wancan. Yaran da ba su taɓa riƙe hauya ba suna cewa "mu ƴan ƙasa", wasu suna amsa musu da "mu da muka raya ta". Wani mai neman kujera ya zo ya zauna da na gidanmu, abokin hamayyarsa ya zauna da na gidan mijina. Ranar kasuwa an fasa wa wani yaro kai, shi ko inda gonar take bai sani ba.

Kafin ranar shaida Yaya Ummaru ya zo ya ce in tuna cikin da na fito. Saini kuwa ya ture kwanon tuwo ya tashi. Ka san shi, ya gaji ubansa wajen shiru.

Na faɗi abin da na gani. Na ce aro ne, na ga dami uku sun shiga rumbunmu. Na gidanmu suka yi kabbara. Na ce kuma na ga na huɗu ya koma, mangwaron nan ma ni na kai shi a kaina, da umarninka. Sai kabbarar ta koma ɗaya ɓangaren. Kowa ya tsinci rabin da ya yi masa ya bar mini sauran. Mai gari ya ce kada wanda ya taɓa gonar sai an yanke, aka watse. Ban ga wanda ya tsaya ya jira ni ba, na dawo gida ni kaɗai.

Na yi tsammanin zan yi kuka. Ban yi ba. Na wanke kwanoni, na ba awaki dusa, na yi la'asar. Har yau haka nake. Ana magana ina ji kamar daga bayan katanga.

Damina ta kusa, kowa ya share gonarsa, taka tana nan da karan bara. Mangwaron kuwa bai san ana shari'a ba. Bana ya yi ƴaƴa har rassa na taɓa ƙasa, suna nuna suna faɗuwa, ba mai ɗauka, don wanda ya ɗauka ya yi iƙirari ke nan. Shekaranjiya na ce ni dai ko ta ina aka yanke ina da haƙƙin tsintuwa. Na je na tsinci masu kyau, na raba kwano biyu daidai wa daida.

Na fara kai ɗaya gidanmu. Nasiru ya tare ni a zauren nan da aka sauke damin. Ya gaishe ni da ladabi, har da durƙusawa, sannan ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ba mu amsar abinmu a matsayin kyauta daga gidan baƙi." Shi ya taya ni aza kwanon a ka.

Na kawo ɗayan gaban Abdu. Ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Inna, in mun ci rabi, mun yarda da rabi ke nan."

Ga su nan a ƙofar ɗakina, kwano biyu, ƙudaje sun fara taruwa. Na yanka ɗaya na ci, ban ji zaƙi ba, ban ji tsami ba.

Kullum kana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ban ƙaryata ka ba, Babana. Na san da zuciya ɗaya ka yi, na san ba ka iya ganin amininka yana sauke kaya a ƙofarka kamar mai biyan haraji. Ina kewar wannan halin naka, ban sake ganin irinsa ba. Amma da nake tafe daga gidanmu da kwanon da aka mayar mini, sai na tuna shirun Baba Hamani a bayan jakinsa. Sai yanzu na gane shi. Ashe tsohon nan su Nasiru da Abdu yake hangowa tun ba a haife su ba, ya roƙe ka sau biyu, kai kana dariya.

Dami ɗaya ne fa, Baba. Da ka amsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Baba Hamani, Ya sa makwabta kuke a can kamar yadda kuke a nan. Allah kada Ya kama ka da abin da alherinka ya haifa. Mu kuma da ka bari, Allah Ya sanyaya zukatan ƴaƴanmu kafin su kai ga abin da ba ya gyaruwa.

Ɗiyarka da ka aza wa gwangwani,
Hadiza, daga Gaya.