Lissafin da Ya Kusa Raba Hadiza da Jami'a

Daudawa, Faskari.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Albishirinki! Jikata Hadiza, ta marigayi Lawal, ta ci jarrabawar lissafin da ta kayar da ita bara. Da ta sake faɗuwa, da an sallame ta daga jami'a. Da hannuna nake rubuto miki, da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci, don wannan labari ya fi ƙarfin saƙon baki.

Na ce mata, "Ke amarya, wane irin lissafi ne ya fi ƙarfinki?"

Ta ce, "Kaka, tarawa ce marar iyaka, kuma a kowane wuri jimlar tana dosar amsarta. Bara na duba wuraren ɗaya-ɗaya, na ɗauka ya isa. Ashe kamar garke ne. Bai wadatar a ce kowace saniya za ta dawo wata rana ba. Sai an tabbatar akwai lokaci guda da duk garken ya kusanto gida, babu wadda aka bari a baya."

Hajiya, sai na tuna ranar da ɓarayi suka kore namu garken, Lawal ya bi sawu, har yau babu shanun, babu shi. Amma 'yarsa ta iso gida, alhamdu lillahi.

Ki sa ta a addu'a, ki roƙa wa ubanta rahama. A gaida Alhaji da jikoki.

Yayanki,
Malam Garba