Itatuwan Bayan Majami'a

Jibiya, 4 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Bawa, a Maraɗi.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya da iyali duka. Tun da aka katse mana layin waya ban ji muryarka ba, shi ya sa na ba Lado direba wannan takarda.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san itatuwan da ikkilisiyarmu ta dasa a bakin rafi, bayan majami'a, shekarar da ambaliya ta cinye gidaje. Fasto ya koya mana cewa ƙasa amanar Allah ce a hannunmu, mu kuma 'yan Zumuntar Mata muka ɗauki ban ruwa. Darbejiyar da bagaruwar sun girma har wurin ya yi duhu. Bana mun ƙara dashen gawo a gefe.

Ran Alhamis da hantsi na tafi da jarkata in ba dashen ruwa. Ina shiga sai ga mutum uku zaune a inuwa, babura a jingine, bindigogi bisa cinya. Ɗayansu ya ce, "Inna, kawo ruwan nan." Na miƙa masa. Ya sha, ya daɗe yana kallon fuskata, sannan ya ce, "Ba ki ga kowa ba." Na ce ban gani ba.

Amma na kasa riƙewa. Na gaya wa Fasto, shi kuma ya kai wa mai unguwa. Yanzu 'yan sa-kai sun ce mu sare itatuwan kaf kafin Asabar ta sama, ko su sa musu wuta. Har akwai masu cewa da gangan muka dasa don ɓarayi su sami maɓoya. Jiya a bakin famfo mata suka yi shiru da na iso.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Mariyamu

Maraɗi, 7 ga Oktoba

Mariyamu,

Na gaishe ki, na gaida yara. Takardarki ta iso, na karanta.

Mi ya kai ki can ke kaɗai? Kuma mi ya sa kika yi magana? Mutumen ya ga fuskarki! Ku sare itacen nan. Itace ne, Mariyamu, ana dasa wani. Ubangiji bai ce ki ba da ranki saboda darbejiya ba. Mijinki ya rasu ya bar miki ɗiya biyu, su ne amanar da za a fara tambayarki.

Ki tattaro su ku taho. Akwai ɗaki, kuma na yi magana da lakwal, makarantar unguwarmu, za su karɓi babbar ɗiyarki Bilki. Ki shigo motar Lado, 'yan duwan masu tsaron iyaka sun san shi, ba za su tsayar da ku ba. Kada ki ce mini sai an gama taron mata.

Allah shi tsare.

Yayanki,
Bawa

Jibiya, 17 ga Oktoba

Yaya Bawa,

Bayan gaisuwa da fatan alherin Ubangiji. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ban san abin da zan rubuta ba sai yau.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan sujada, aka yi zama. Rabin dattawa sun faɗi abin da ka faɗa. Tsohuwa Rabi kuwa, wadda ruwa ya tafi da jikarta a waccan shekara, ta miƙe ta ce, "Ku sare. Amma in damina ta dawo, ku zo ku gaya mini wa zan binne." Aka yi addu'a aka watse ba a yanke komai ba.

Jiya Asabar muka je muka tsaya a bakin itatuwan, mu wajen ashirin, ba mu da komai a hannu. Sai ga mutanen unguwa tafe da gatura da adduna. Yaya, na ɗauka ranar ƙarshe ce. Na kama hannun Rabi na rufe ido.

Malam Zunnuraini, limamin masallacin unguwa, shi ne a gaba. Ya yi wa Fasto sallama, ya ce, "Fasto, katangata ce ta fi kusa da rafin nan. Damina uku ke nan gaɓar ba ta zube ba, na kuma san dalili. Duhun ne ke ba mutane tsoro. A datse rassan ƙasa, a share ƙaya, a bar gindi." Wani ɗan sa-kai ya fara ɗaga murya, Malam ya miƙa masa adda ya ce ya fara daga can.

Har la'asar muna aiki tare. Yanzu daga ƙofar majami'a kana hango har tsallaken rafi, ko akuya ba za ta ɓuya ba. Itace ko ɗaya bai faɗi ba.

Sai dai ba shi ke nan ba. Yau da safe wata mai tallar nono daga wajen Bugaje ta ja ni gefe. Ta ce ana tambaya a daji wace ce matar da ke kai ruwa bayan coci. Ta ce ba su san sunana ba tukuna.

Matan zumunta sun ce daga yanzu ba mai zuwa ita kaɗai, mu shida shida za mu riƙa tafiya, matar Malam ma ta ce a sa ta. Amma duk babur ɗin da ya wuce ƙofar gida sai na tashi na leƙa. Ban gaya wa yara ba.

Taka,
Mariyamu

Jibiya, 19 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Ga Bilki da ƙanwarta nan tare da Lado. Ƙaramar tana tari, maganinta na cikin jakar Bilki, sau biyu a rana.

In na gudu yau, gobe sauran matan ba za su fita ba, kuma masu zarginmu za su ce gaskiyarsu ce. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Kada ka tsaya a tasha kana leƙa motar, ba na ciki.

Ubangiji ya sada mu da alheri.

Mariyamu