Wasan Asibiti a Ɗakin Katako

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara da mutanen gida? Ni lafiya lau, ƙafar ce kawai take kumbura in na wuni tsaye a wurin aiki.

Jiya autata da ke wurinku ta ba ni labarin ɗakin wasansu na katako da ke lambu, a waya. Da can wasan shago suke yi. Yanzu kullum asibiti ne, kuma majinyacin kullum "Kaka" ne. Har ta san a tallafe masa kai kafin a ba shi ruwa da cokali. 'Yar shekara biyar ba ta ƙago wannan ba, gani ta yi.

Sau uku ina kira kina cewa Baba ya fita. Gobe zan sake kira. Don Allah ki miƙa masa wayar, ko ki gaya mini gaskiya.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki