Layar da Na Zana

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya jikin maiɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau.

Ɗan littafina na kokawa saura zane biyu. Sai dai ranar kasuwar Karaye wani baƙo ya zo, wai shi mai son zane ne. Ko layi ɗaya bai karanta ba. Hoton Dogo, gwanin garinmu, ya ƙura wa ido. Ashe na zana har layar da Dogo ke ɓoyewa a ƙugu. Daga baya na ji mutumin ɗan Rogo ne, kuma da su za mu kara bayan girbi. Na goge layar, amma ai ya riga ya gani.

Ka gaida kowa. Ka taya ni addu'a kada Dogo ya faɗi, don ni za a kama.

Ƙaninka,
Auwalu