Ƙahon da Ka Kulle a Injin Sanyi

Al Thumama, 19 ga Agusta, 2018

Zuwa ga jikana Ɗanbaba, mijina na banza,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a can tsakiyar teku wajen aikin gas. Ni ƙalau nake, duk da ba ka tambaya ba. Matarka Basiratu ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka, kar ka ce rubutun yaƙi da jahilci bai karantu ba.

Ban manta abin da ka yi min gaban baƙi ba. Kafil ɗinka, ubangidan da ke riƙe da takardun zamanka, ya harbi barewar Turai a gonarsa, ya ba ka ajiyar ƙahon har mai gyara ya dawo daga hutu, sai ka ɗauko hanci ka ɗora a ka. Ka naɗe shi a leda, ka cika mana injin sanyi da shi, ka ce kar tsohuwa ta taɓa, wai wannan ba farautar ƙauye ba ce. Ni? Shekara talatin ina gyara wa kakanka Ɗayyabu maharbi fatu da ƙahoni, lokacin ubanka ma yana yawo da majina.

Sallah saura kwana biyu. Ina zan sa naman layya? A kanka?

Kakarka, Sahadatu

Al Thumama, 23 ga Agusta

Ɗanbaba,

Barka da Sallah, da fatan kana lafiya. An yanko mana rago daga mayankar Abu Hamour, kuma na fitar da dukiyarka na zuba nama. Zauna ka ji sauran.

Da na kwance ledar sai na ga ƙaho mai rassa kamar busasshen itace, duk gashi ya lulluɓe shi, laushi kamar karan-miski. Na ce oh ni, yaron nan ya bar kayan mutane sun yi fumfuna. Ƙahon da na sani santsi gare shi, a shafa masa man gyaɗa ya yi ta walƙiya. Na ɗauko wuƙa na kankare reshen hagu tas, don in fidda ka kunya. Yana hucewa a rana sai ga jini yana tsattsafowa. Wallahi sai da na yar da wuƙar. Ban taɓa ganin ƙaho mai jini ba.

Basiratu ta fito ta ɗora hannu a ka. Ashe gashin nan shi ne abin so, shi ya sa ba a barin zafi ko hannu ya taɓa shi. To laifin wa? Da ka buɗe baki ka faɗa min, maimakon ka yi min tsawa kamar 'yar aiki, da yanzu yana nan.

Mun kwashe shi cikin ƙanƙara zuwa Sanaiya, unguwar masu sana'a, wajen mai gyaran nan da aka ce ya dawo, wato Job, mutumin Zonkwa, mai sana'ar busar da kawunan dabbobi. Ya huda tsinin reshen dama, ya tsiyayar da jinin, ya bi shi da allurar magani, ya rataye shi a inuwa kai ƙasa. Ya ce wannan zai tsira. Na hagu kuwa ya zama sanƙo, irin wanda ya fara fito maka.

Ba zan ba ka haƙuri ba.

Sahadatu

Al Thumama, 30 ga Agusta

Ɗanbaba,

Ina gaisuwa, don addini ya ce a yi. Na ji ihun da ka yi wa matarka ta waya, cewa aikinka zai tafi saboda tsohuwar da ba ta jin magana. Wannan na shanye. Abin da ban shanye ba, ka ce wa kafil wai ɓera ne ya ci. Ɓera a cikin injin sanyi! Ko yaron goye ba zai yarda ba, shi ma bai yarda ba. Job ya ce mutumin yana zaton sayar da gashin ka yi wa masu haɗa magani.

Jiya na sa mayafina na Sallah, Job ya kai ni har ƙofar gidan kafil ɗin da ƙahon a hannu, yana yi mana tafinta. Na nuna masa wuƙar, na ce ga ɓeran nan tsaye da haƙora huɗu. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana shafa reshen dama, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ka ci gaba da aikinka, amma ba zai ƙara ba ka ajiyar ko allura ba. Wannan kuma ƙaryarka ce ta jawo maka, ba wuƙata ba.

Ka ce in ka dawo za ka sa ni a jirgi. Kar ka wahala, Basiratu ta yankar min tikitin Kano na jibi. Ƙahon barewar kakanka da na zo maka da shi tun bara, wanda ka jefa bayan kwaba ba ka ko kalla ba, na ɗauki abina. Na soye naman duka na raba wa maƙwabta. Injinka yana nan wayam, in ka dawo ka shiga ciki ka huce.

Ka gaida teku.

Ɓeranka, Sahadatu