Aljanun Sama na Kawu Sufyanu

Cadawa, Alhamis

Zuwa ga ƙanena Sufyanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Safina da jariri. Yaya ƙafar Innarmu? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Bari in fara da gyara, tunda malanta ba ta barin mutum ko a wasiƙa. Mutane da yawa suna ɗauka fim ɗin sararin samaniya da fim ɗin aljanu abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Aljani ba ya buƙatar jirgi, ba ya goya tulun iska a baya. Labarin kimiyya tambaya yake yi: in aka ƙera abu kaza, me zai sami mutane? Shekara da shekaru ina koya wa ƴan ajina wannan, sai ga ɗiyata Habsatu ta dawo hutu daga wajenka da katin memwar, yanzu duk lakol ɗin, makarantar gaba ɗaya, ba a cewa komai sai "aljanun sama".

Na san sana'arka ce tura finafinai a waya. Ban san ka fara ɗora muryarka a kansu kana fassarawa ba. Kuma wace fassara? An ce matuƙan jirgin duk ka raɗa musu sunayen Gobirawa, har ka sa su gardama a kan alƙibla bayan sun wuce wata.

Ka san taronmu na Laraba da yamma, da ba a shiga aji. Ƙarƙashin itacen bedin lakol nake karanta musu littafin nan namu mai yagaggen bango, wanda Baba ya sayo a Maradi, na yarinyar da ta ɓuya a jirgi ta sauka wata duniya mai wata uku a samanta. Jiya benci biyu ne kawai suka cika. Sauran suna zauren mai gadi sun dunƙule a kan wayar babansu Habsatu. Ita da ke riƙe mini littafin tana juya shafi, ita ce mai riƙe wayar.

Kada ka tambayi dalilin da ya sa na rubuto maimakon in kira ka. Muryarka ta ishe ni a gidan nan.

Ka gaida kowa.
Yayarka, Lubabatu

Cadawa, Asabar

Ƙanena Sufyanu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Direban da na ba wasiƙa ya kawo magani da ƙuliƙulin Inna, Allah ya saka. Ya kuma kawo amsarka ta baki, wai Yaya ta huce, wasa ne. Ban huce ba.

Ban kalli fim ɗin naka ba, kuma ba ni da niyya, amma na san shi ciki da waje, don ba a wata hira a gabana. Ridwanu, wanda ke zama a bencin gaba, ya rantse mutum-mutumin ƙarfen cikin jirgin yana da rai, tunda ya yi kuka da aka bar shi a baya. Ummuhani ta ce mai ne ya tsiyayo masa. Har suka kusa dambe. Na ji daɗin gardamar, ba zan ɓoye ba, irinta nake nema tun da na fara taron. Abin da ya ci mini rai shi ne ba wanda ya juyo ya tambaye ni. Suka ce a bari sai an tambayi Kawu. Yara talatin da ba su taɓa ganinka ba, duk ka zama kawunsu.

Na faɗa musu ra'ayina duk da haka. Fim ɗin da jirgi ke fashewa a sama a ji ƙara, inda babu iskar da za ta ɗauko ƙarar, bai girmama mai kallo ba. Baƙin wata duniya kuma a ce kullum ƙafa biyu, hannu biyu, sai dai kunne ya yi tsawo? A littafinmu baƙin ba su da fuska ma, da launi suke magana, kowane yaro shi ke zana nasa a ka. Habsatu ta saurare ni da ladabi, irin ladabin da ake yi wa tsohuwa, sannan ta ce, "Mama, littafin ba ya ba da dariya."

Sufyanu, wa ya koya maka son waɗannan labaran? Ka tuna damina a gonar Baba, ƙarƙashin gawo, kana tsaron akuya ina karanta maka da Faransanci ina juyawa da Hausa? In na tsaya sai ka yi ta ja mini zane.

Yanzu ta ce babban hutu a Gidan Rumji za ta yi shi gaba ɗaya, a shagonka. Wannan hutun ne muka shirya ni da ita za mu kai ƙarshen littafin, don na hana ta leƙa babin ƙarshe. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Yayarka, Lubabatu

Cadawa, Alhamis

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. A shafa mini kan jariri.

Na kalla. Jiya ba wanda ya zo gindin bedi, sai na ɗauki littafina na nufi zauren mai gadi da niyyar kora su gida. Da suka gan ni sai suka hau ƙunshe dariya, Ummuhani ta matsa mini wuri a tabarma, ta ce in zauna ga Madam nan za ta fito. Na ce wace Madam kuma bayan ni? Ta nuna wayar.

Shugabar jirgin ce, wata doguwar mace mai farin gashi. Jirgi yana ci da wuta, ma'aikata suna ta gudu, sai ta miƙe ta buɗe baki, na ji muryarka ka siranta ta kana cewa, "Kowa ya zauna, ya naɗe hannu, wutar ma za ta jira." Yaran suka faɗi tare da ita, har da yadda nake ja ƙarshen magana. Can kuma ta tsaya a tsakiyar yaƙi tana gyara wa mataimakinta kuskure, wai ba aljanu ba ne, baƙi ne, aljani ba ya buƙatar jirgi. Zauren ya kece. Habsatu ta ce mini tun a shagonka ta gane, kuma duk cikin jirgin ba wanda yaran ke so kamar ita.

Na yi dariya har hawaye, na dawo gida na rasa abin da ke damuna. Ka sace ni kaf, ka zuba a waya, kuma ta wayar suka fi so. Ni ina gindin bedi ni kaɗai, su suna can suna kallona. Ban san ko in yi maka godiya ko in ja maka kunne ba. Kishin dai bai tafi ba, sai dai yanzu da wannan mai farin gashin nake yi.

Na amince Habsatu ta zo hutu. Amma ba zan sa ta mota ba, kai za ka zo ka ɗauke ta, kuma ranar Laraba. Wayarka za ta zauna a buro, ofishin darakta. Zan ba ka littafin, an buɗe a babin ƙarshe, ga benci, ga yara talatin, ba hoto ba kiɗa. Habsatu za ta juya maka shafi, ni kuma in zauna can baya in naɗe hannu. Ka gwada da kanka mu gani ko za su zauna.

In ka tsaya, ni zan ja maka riga.

Yayarka mai ƙaunarka,
Lubabatu