Waƙata ta Koma ta Clementina

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Mayu, 1978

Ƙanwata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Wusasa, yaya jikoki? Ni lafiya lau, sai tarin nan, shi ma da sauƙi.

Kin tuna waƙar Ista da na tsara a makarantar mishan? Clementina, wata yarinyar Tarauni da na koya wa waƙa a coci, ta ɗauki karin, ta sa masa kalmomin soyayya, tana rerawa a talabijin tana kaɗa jita. Har direbobi sun haddace.

Ranar Lahadi na ɗaga waƙata a sujada, matasa suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Da aka tashi, Fasto ya ja ni gefe ya ce, "Baba Filibus, da girmanka, waƙar talabijin a gidan Allah?"

Shekara arba'in ina rera ta, ba wanda ya taɓa tafa mini. Ba hassada nake yi ba. Na dai leƙa ta tagar maƙwabcina sau uku na gan ta a talabijin, kuma muryarta ta fi tawa ko a ƙuruciyata. Ranar nan na kasa cin tuwo.

Ki duba akwatin Inna, littafina na 1938 da na rubuta waƙar yana ciki, ki ba direban motar Kano ya kawo mini. In gara ta cinye shi, ki rubuto wa Fasto da hannunki cewa waƙar tawa ce, domin cikin waɗanda suka ji ta ranar farko, ke kaɗai kika rage mini.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Filibus